Ruwan Kilim na Cin Katangar Maƙwabcinmu, Hajiya Ta Ce In Cire

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaci ne a nan Damagaram, ina zaune da iyalina a Sabon Gari, mahaifiyarmu kuma tana gidan gado cikin Birni. A watan Afrilu da zafi ya tsananta na ga Hajiya ba ta iya barci, sai na tattara abin da na ajiye na sayo mata na'urar sanyaya ɗaki, kilim mai gida biyu, ɗaya a cikin ɗaki ɗaya a waje, aka ɗaura mata. Wata uku lafiya lau. Tun da damina ta kankama ruwa ya fara ɗiga daga cikinsa, yana bin bango, ya jiƙa katifa da akwatin tufafinta, ɗakin ya ɗauki warin danshi. Sau biyu ina kiran wanda ya ɗaura, kowane zuwa sai ya ce gas ne ya ƙare, in biya jika 15, bayan kwana biyu ruwa ya dawo. Abin da ya fi damuna, ashe tiyon da ke fitar da ruwa waje a gindin katangar maƙwabcinmu yake zuba. Katangar ƙasa ce, har ta fara zaizayewa. Dattijo ne, aminin marigayi mahaifinmu. Ya aiko sau ɗaya ban ɗauki abin da muhimmanci ba, yanzu da ƙyar yake amsa gaisuwata. Yayana ya ce ni na jawo mana abin kunya, Hajiya kuma ta ce in zo in cire abina. In cire ne, ko yaya zan yi?

Amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya saka maka da alheri kan abin da ka yi wa Hajiya, ya sa naka su yi maka. Duk wanda ya kwana cikin ɗakin Birni a watan Afrilu ko Mayu, lokacin da zafin rana ke wuce digiri 40 kuma bango ke riƙe shi har tsakar dare, ya san ba ƙarya ka sayo ba, jinƙai ka sayo. Kada ka cire. Amma yau ɗin nan, kafin ka kira kowa, ka je ka kashe shi, ka sauke makunninsa na bango, Hajiya ta yi haƙuri da fanka kwana biyu ko uku. Bangon da ruwa ke bi akwai waya a cikinsa, wataƙila da soket a ƙasa, ga tsohuwa tana shimfiɗa dardumar salla a wurin. Kuma kowane daren da na'urar ta kwana tana aiki, katangar dattijon nan ce ke shan ruwan.

Bari in faɗa maka inda ruwan yake fitowa, domin da ka san wannan da ba a karɓi kuɗinka sau biyu ba. Ba wanda ya zuba wa kilim ruwa, kuma ba gas ne ke narkewa ya zama ruwa ba. Ka ɗauko ledar ruwa mai sanyi daga firij ka ajiye kan tabarma a watan Agusta, kafin ka juya ta yi raɓa ta jiƙa wurin. Ka yi haka a watan Maris, da ƙyar za ka ga danshi. Laimar da ke cikin iska ce ke taɓa abu mai sanyi ta koma ruwa. To cikin akwatin da ke manne a bangon Hajiya, bayan ragar da ke tare ƙura, akwai bututun jan ƙarfe da siraran faifan alminiyom masu sanyi ƙarara. Iskar ɗaki na bi ta cikinsu, laimarta na zama raɓa, raɓar na gangarawa cikin wani dogon faranti mai kama da ƙaramin komi, daga nan tiyo ya ɗauka ya fitar waje. Babu wani inji da ke tura ruwan. Gangara kawai yake bi, kamar yadda ruwan soro ke bin indararo.

Shi ya sa wata ukun farko ba ka ga komai ba. A bazarar Damagaram iska busasshiya ce, abin da na'urar ke tatsa bai taka kara ya karya ba, ko an yi kuskure wajen ɗaurawa ba zai nuna ba. Da iskar damina ta shigo, musamman Yuli da Agusta, kilim na ɗaki ɗaya kan iya fitar da lita guda a awa, wani lokaci ya fi haka. Ka lissafa awa 10 na dare, lita 10 ke nan. A wata guda lita 300, ganga ɗaya da rabi. Wannan shi ne abin da ake tsiyayawa a wuri guda, a gindin ginin ƙasa, dare bayan dare.

A nan nake so ka tsaya ka dubi abin da idon maƙwabcinku. Mu da muka tashi cikin gidajen ƙasa mun san ruwan sama mai ƙarfi da zai zo ya wuce, rana ta fito ta busar, bai kai ɗigon da ba ya yankewa ɓarna ba. Ɗigo ba ya barin gindin katanga ya bushe, ƙasar ta yi laushi, ta fara ɓantarewa daga ƙasa, nauyin sama kuma yana nan yana danna ta. Mutanen Birni ba su manta da watan Satumba na 2024 ba, lokacin da ruwan sama ya kai tsohon masallacin nan na ƙasa, wanda ya tsaya tun tsakiyar ƙarni na 19, har ƙasa. Dattijon da ya ga wannan da idonsa, ya wayi gari ya ga gindin katangarsa a jiƙe kullum, wataƙila bayan katangar ɗakin jikokinsa ne, ya aika wa ɗan amininsa, ɗan ya yi shiru. Gaskiya ɗaci gare ta ƙanena, amma a wannan gaɓar kai ne da laifi. Sanya kilim ba laifi ba ne, shirun da ka yi bayan aikensa shi ne laifin. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Jibrilu bai gushe ba yana yi masa wasiyya game da maƙwabci har ya yi zaton zai ba shi gado. Balle wannan da ya ci tuwo akushi ɗaya da mahaifinku.

Don haka tafiyarka ta farko ba wajen mai gyara ba ce. Ka je wajen yayanka, ka bar zancen wa ya ce me, ka ce masa: "Yaya, na yi kuskure, ina so ka shige mini gaba mu je mu ba Baba haƙuri." Ka ga da wannan ka mayar masa da girmansa, shi da ke jin an yi abu a gidan gado ba a shawarce shi ba. Ku je bayan la'asar ko bayan magariba, da ɗan goro a hannu, ku durƙusa. Kada ka je da bayanin injiniya, kada ka ce laifin mai ɗaurawa ne. Ka ce: "Baba, aikenka ya iso ni na yi sakaci, ka yafe mini. Na kashe na'urar, ba za ta sake tashi ba sai ruwan ya bar katangarka, gyaran katanga kuma a wuyana yake." Durƙusa wa wada ma ba gajiyawa ba ne, ina ga uba. Kada ka bari maganar ta kai ga mai unguwa, don abin da aka kashe a zaure ya fi saurin mutuwa.

Game da gyaran katangar, ka samo maginin ƙasa na gaske, irin waɗanda suka gaji sana'ar, ba mai siminti ba. Ka bar wurin ya sha iska ya bushe tukuna, sannan a cike inda ya zaizaye da ƙasar da aka kwaɓa yadda ya kamata, a yi yaɓe. Akwai masu cewa a lafta siminti kawai a huta. Siminti a kan ginin ƙasa mai danshi rufe ciwo ne da ƙyalle: laimar ta rasa ta inda za ta fita, ta ci gaba da cin ƙasar daga ciki, wata rana simintin ya ɓallo gaba ɗaya. Kuma ka bar Baba ya zaɓi maginin da ya yarda da shi, katangarsa ce.

Sai mu dawo ɗakin Hajiya. Ka tambayi kanka abu ɗaya: lokacin da ruwan ke ɗiga, ɗakin yana yin sanyi yadda ya saba? In amsar e ce, to gas ɗinka lafiya lau yake, hanyar ruwa ce ta samu matsala. Gas ɗin kilim ba fetur ba ne da ake ƙonawa ya ƙare. Zagayawa yake yi cikin rufaffen bututu, shekara da shekaru, ba ya raguwa sai in akwai inda yake yoyo. Sabuwar na'ura ta wata huɗu a ce gas ya ƙare sau biyu, to ɗayan biyu ne: ko dai bai ƙare ba, ko kuma mahaɗar bututun da aka ɗaure ranar ɗaurawa ce ke yoyo, wanda shi ma aikin mai ɗaurawa ne ya gyara, ba ya yi ta ɗurawa kana biya ba. Ana gane yoyo cikin sauƙi, a shafa kumfar sabulu a mahaɗar, in ta yi ƙwai-ƙwai tana kumbura to nan ne. Ban ce mutumin macuci ne ba. Da yawa sun koyi ɗaurawa da ɗura gas, ba su koyi bin sawun ruwa ba. Amma ka daina biyan kuɗin maganin da ba na cutar ba.

Ga gwajin da za ka yi da hannunka, ba ya buƙatar komai sai buta. Wuta a kashe, ka ɗaga murfin gaba, ka zaro ragogin nan biyu. Ka sa yaro ya tsaya waje wajen bakin tiyo. Ka riƙa tsiyaya ruwa a hankali kan faifan alminiyom ɗin, daga tsakiya, nesa da gefen da wayoyi da allon lantarki suke, ya gangara cikin farantin. In yaron ya ce ruwa na fitowa sharr daidai yadda kake zubawa, hanya a buɗe take. In ya ce ɗis-ɗis yake gani, kai kuma ka ga farantin na cika yana neman ambaliya, ka kama ɓarawonka. Tun da ka ce ruwa na zuba ciki kuma yana zuba waje, zatona mai ƙarfi shi ne hanyar a rabin toshe take, ko kuma tiyon ya yi ciki a wani wuri.

Na taɓa tsayawa kan wani mai gyara a gidana yana wannan aikin, kuma abin da na gani ya sa ban ƙara wasa da tiyo ba. Ya cire bakinsa na waje, ya zura ƴar waya, sai ga dunƙulen laka busasshe kamar ƙwallon goriba ƙarami ya faɗo: zanzaro ne ya yi gini a ciki lokacin rani, da tiyon yake bushe ba kowa. Da ya tura ruwa ta sama, sai wani baƙin abu mai yauƙi ya biyo baya, tsawonsa ya kai kamu guda, yana wari kamar kwata. Ya ɗaga shi da tsinke ya nuna mini, ya ce ƙurar hunturu ce da ta kwanta a farantin, ruwan damina ya same ta ta zama taɓo, gansakuka ta tsiro a kai. Mu nan ƙura ba baƙuwa ba ce. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo kan rufe gari, ko an rufe ƙofa da taga sai ka rubuta sunanka da yatsa a kan tebur. Duk abin da raga ba ta tare ba, farantin nan yake sauka. Banda zanzaro, kyankyasai da ƴaƴan ƙadangaru ma kan shige su maƙale.

In toshewa ce, a zuƙe ta daga bakin waje ko a tura ruwa da ɗan ƙarfi, amma kada ka bari yaro ya sa baki ya zuƙa, ƙazanta ce. Bayan ta buɗe a bi da ruwan ɗumi da ɗan binega cikin farantin don ya kashe yauƙin. Wasu na zuba ruwan jabel, wato bilic. Ni ba na so, domin yana cin alminiyom in ya taɓa faifan. Kuma ko da wasa kada a haɗa jabel da binega, iskar da suke fitarwa guba ce, a rufaffen ɗakin tsohuwa kuwa abin ba kyau.

In kuma ba toshewa ba ce, to gangara ce aka ɓata. Ka fita ka bi tiyon da ido tun daga inda ya huda bango har ƙarshensa. Dole ya riƙa sauka ba tsayawa, aƙalla santimita 1 a kowace mita. In ka ga inda ya lotsa ya yi ciki sannan ya sake hawa, ko inda aka lanƙwasa shi ya matse, nan ruwa ke kwanciya ya hana na baya wucewa. Ramin da aka huda a bango shi ma ya kamata bakinsa na waje ya fi na ciki ƙasa. In an huda shi a miƙe ko yana kallon sama, ruwa ba zai hau tudu ba, ɗaki zai dawo, har ruwan sama ma ya samu ƙofa. Sannan akwatin cikin ɗaki, a ɗora masa ma'aunin magina mai ɗigon ruwa a gani. Bangon gidajen Birni ba kasafai yake miƙewa sak ba, in an ɗaura shi ya karkata zuwa gefen da babu tiyo, farantin zai cika ta can ya zubo. Duk waɗannan kuskuren ɗaurawa ne, kuma kana da hakkin ka ce wa wanda ya ɗaura, cikin mutunci, ya zo ya gyara aikinsa ba tare da sabon kuɗi ba. In ya ƙi, kada ka tsaya jayayya, nemi wani mai gyaran firij da kilim, amma ka gaya masa tun a waya cewa hanyar ruwa kake so a duba, kuma ka tsaya a kansa ya yi gwajin buta a gabanka kafin ya tafi.

Akwai hali ɗaya da gas ko raga ke da hannu, kada in rufe maka shi. In raga ta toshe da ƙura iska ba ta wucewa, ko gas ya ragu da gaske, faifan kan yi ƙanƙara. Alamarsa, sanyin ɗaki ya ragu, iskar da ke fitowa ta yi rauni, ka ga farar ƙanƙara a kan faifan ko a bututun jan ƙarfe na waje, kuma ruwan ya fi zubowa da yawa lokaci guda jim kaɗan bayan an ɗauke wuta ko an kashe, saboda ƙanƙarar ta narke ta fi ƙarfin farantin. Ka tambayi Hajiya ko mai kwana da ita wane lokaci ruwan ya fi zuba. Amsarsu za ta taimaka wa mai gyara fiye da duk wani zato. Haka kuma ka duba baƙin soson da aka naɗe bututun da shi. Inda ya yage, bututun kan yi zufa ya ɗiga.

To ina ruwan zai koma? Cikin gidanku. A sa bututun roba mai tauri maimakon lallausan tiyon nan da rana ke busarwa ya tsage, a bi da shi ta jikin bangonku da maɗauri, a sauke shi tsakar gida. A garin da ruwan famfonsa ke tasowa tun daga Gogo da Arunguza da Ganaram, inda mata ke jiran ƴan garuwa, zubar da lita 10 kowane dare asara ce. A ajiye jarka mai lita 20 ko 25 a ƙarƙashi, a riƙa juyewa kowace safiya. Ruwan ya yi goge ɗaki, ya yi wankin banɗaki, ya yi ban ruwan zogale ko lemun tsami in akwai a gidan, muddin shukar ta yi nesa da gindin gini. Ba na sha ba ne, ba na girki ba ne, kuma ka gaya wa yara, domin ido zai gan shi garau alhali ta kan ƙura da yauƙi ya biyo. Abu biyu ka kiyaye: bakin bututun kada ya nutse cikin ruwan jarkar, in ya nutse ruwa kan daina sauka yadda ya kamata ya koma ɗaki, kuma kada a bar ruwan a buɗe ya yi kwanaki, lokacin sauro ne da zazzaɓin cizonsa. A ɗaura ɗan yankin gidan sauro a bakin bututun don zanzaro, a riƙa wanke shi. Kada a kai bututun cikin shadda kai tsaye, warinta zai biyo shi har kan gadon Hajiya.

Katifar a fitar da ita rana kwana biyu ko uku ana juyawa, in baƙin fumfuna ya ratsa cikin soson a haƙura da ita, ƙirjin tsoho ba ya jure wannan. Tufafin akwati a wanke a shanya, bangon a bar shi ya bushe sarai kafin a yi fenti. Ka janye gadon daga ƙarƙashin na'urar, don ko ba ruwa, iska mai sanyi da ke dukan jiki kai tsaye ba ta yi wa masu ciwon gaɓoɓi daɗi. Ka sa mata na'urar a digiri 25 ko 26, ba 16 ba, zai wadace ta, ya rage kuɗin wuta. Jikoki kuma a koya musu rufe ƙofa, domin duk buɗewa sabuwar laima ce ke shigowa ta zama ruwa.

Kulawar yau da gobe ba ta da yawa, sai dai tana son mai ita. Tun da ba a gidan kake kwana ba, ka ɗaura ta da ziyararka: Juma'a ɗaya ka tsallake ɗaya, in ka zo gaida Hajiya ka zaro ragogin, ka wanke da ruwa, ka shanya a inuwa, ka mayar. Lokacin hazo kowane mako in ana kunnawa. Sau ɗaya a shekara, cikin watan Mayu kafin ruwan farko, mai gyara ya wanke faifai da faranti, a yi gwajin buta.

Maganar Hajiya kuwa, ni ban ji ta a matsayin ƙin sanyi ba. Ta zauna da mutanen gidan can tun kafin a haife ka, sun yi suna tare sun yi zaman makoki tare, ba za ta yarda ta sayar da wannan da barcin dare ba. Kada ka yi mata musu, kada kuma ka kunna na'urar a bayan idonta. Ka bari sai kun dawo daga wajen Baba, magini ya fara aiki, bututu ya juyo tsakar gida, sannan ka zauna gabanta kai da yayanka ka ce: "Hajiya, Baba ya yafe, ga inda ruwan ke zuba yanzu, in kin yarda mu gwada daren yau." A daren gwajin ka kwana a gidan, ka tashi da asuba ka shafa bangon da hannunka, ka leƙa jarkar, sannan ka zagaya ka dubi gindin katangar Baba kafin ka wuce masallaci.